Ɗigon da Ke Idon Baba Tartsatsi

Na fara haɗuwa da Baba Tartsatsi ranar Laraba, bakwai ga watan Fabrairu, bayan an tashi daga aiki. Ƙafar madubin hangen nesa na ƙungiyarmu ce ta karye a wurin maɗauri, kuma da yake ni ne sakatare, duk abin da ya lalace a hannuna yake kwana. Masinjan ofishinmu ya kwatanta mini shagon: bayan tashar mota, layin masu gyaran radiyeton mota, rumfar da ƙofofin ƙarfe ke jingine a gabanta.

Na tsaya daga bakin titi na yi sallama. Dattijo ne siriri, yana tsugune kan wata taga da yake haɗawa. Ya kashe injin, ya sauke garkuwar da masu walda ke kare fuska da ita, ya dube ni. Idonsa na hagu a shafe yake. Na daman kuwa garau, sai dai ya daɗe a kaina fiye da yadda ake kallon baƙo.

"Matso, ɗan'uwa," ya ce. "A can inda kake ba ka da kai."

Na ɗauka barkwanci ne irin na masu sana'a, na yi dariya na matso. Shi bai yi dariya ba. Da na zo daf da shi sai ya kawar da idon daga fuskata ya ajiye shi a kan kunnena, kuma a haka muka yi dukan maganar.

"Yauwa, ga kan ya dawo. Ashe ma har da furfura. Me aka kawo?"

Na miƙa masa ƙafar. Ya bi karayar da babban yatsa, ya tambaye ni ko ta mai hoto ce. Na ce a'a, na yi masa bayanin ƙungiyar. Mu 'yan kaɗan ne masu sha'awar kallon taurari, babu masanin kimiyya ko ɗaya a cikinmu. Ni akawu ne, akwai mai kemis, akwai ma'aikatan asibiti biyu, shugabanmu kuma tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Muna taruwa ranar Asabar da yamma a wani aji na makarantar firamare. A shekarar nan kuma muna shirin tafiya, domin za a yi husufin rana. A garinmu gefe kawai za ta ɓalle, amma akwai wani siririn yanki, tafiyar yini guda a mota, inda wata zai rufe ta gaba ɗaya.

Yatsansa ya tsaya a kan ƙarfen.

"Gaba ɗaya? Ba saura?"

"Ba saura. Tsakiya baƙi ƙirin, sai zoben haske a kewaye."

"Baƙin, girmansa kamar yaya?"

Na gaya masa abin da Hedimasta ke gaya wa sabbin zuwa: ka miƙe hannunka, farcen ƙaramin yatsanka zai rufe rana. Ya miƙe hannu a cikin rumfar nan mai warin ƙonannen ƙarfe, ya kafa wa farcen ido. Na jira har na fara jin nauyi.

"To," ya ce. "Kada ka dawo karɓa. Ni zan kawo muku."

Ranar Asabar sai ga shi da ƙafar a kafaɗa, cikin wankakkun kaya. Ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana sauraron Hedimasta da ke zana hanyar inuwar wata a allo. Da aka tashi ya ce in sa sunansa. Na tambayi sunan, ya ce in rubuta wanda kowa ya sani, don na yankan ko 'yarsa sai ta yi tunani. Na rubuta Tartsatsi.

Tarihinsa a hankali na same shi, domin shagon yana kan hanyata ta komawa gida, na kuma saba tsayawa. Maraya ne, kawunsa ya kai shi koyon walda tun bai fara aske gemu ba. Yana cikin shekarun koyo aka yi wani husufi a garin, irin na gefe. Mutanen layin suka yi dafifi a shagon maigidansa, don an ce da baƙin gilashin walda ake kallo. Garkuwa ɗaya ce, tana yawo hannu zuwa hannu, kuma ɗan koyo shi ne na ƙarshe a layi. Da ya ga abin zai wuce bai gani ba, sai ya zagaya bayan rumfa ya ɗaga kai ya kalli rana haka nan.

"Ba ta yi mini zafi ba, Akawu. Abin da mutane ba su sani ba ke nan. Ba zafi ko kaɗan. Na kalle ta, ita ma ta kalle ni."

Washegari ya tashi da ɗigo baƙi a tsakiyar duk abin da ya duba. Ya wanke ido, ya sa magani, ɗigon yana nan. Bai ƙaru ba, bai ragu ba, har tsufa. In abu yana kusa, ɗan yanki yake ci: rabin kalma a takarda, ko ido ɗaya a fuskar mutum. In yana nesa, sai ya cinye kai sukutum. Ya ce da safe in ya zauna bakin shago, tsallaken titi cike yake da mutane marasa kai, suna sauri, suna riƙe da jakunkuna, wasu har suna ɗaga masa hannu. Da tafiya yake gane su. Ya ce a rabin farko na rayuwarsa yana tsoronsu, daga baya ya saba, yanzu ma in kan mutum ya bayyana farat ɗaya shi ne yake ɗan razana shi.

Da kallon gefe ya koyi aiki, ya zama gwani. Ya yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, matar ta rasu da daɗewa. Wata rana yana goge wani ƙarfe ya ce mini, kamar mai ba da labarin farashin kaya, bai taɓa ganin idanun matarsa biyu a lokaci guda ba. In ya dubi na dama ya ɓace, in ya dubi na hagu ya ɓace, in ya dubi hanci ya ga idanun amma a dushe. "Duk abin da na so in gani sosai, shi ne ba na gani," ya ce. Idon hagu kuwa bara ne ɓarɓashin ƙarfe ya shige shi, aka rasa shi.

A ƙungiya an so shi. Hedimasta ya ce ai Baba ɗan ƙungiya ne tun kafin a kafa ta, domin mu ma in za mu ga tauraro mai rauni gefensa muke kallo. Mai kemis tana tsokanarsa wai duk matar da ya kalli kunnenta ita ce ta shiga ransa.

"To ke kunnenki nawa na kalla, Hajiya?"

"Duka biyun, Baba. Shi ya sa na gaya wa maigidana."

"Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ko daga nan zuwa ƙofa kika kai, kin zama gangar jiki."

Aka yi dariya, amma na lura mai kemis ta shafa wuyanta.

Ana saura 'yan makonni tafiya, wata mata ta zo ofishinmu ta ce tana neman akawun masu taurari. Tela ce, da abin awo rataye a wuyanta, da alama daga kan keke ta taso. Ta ƙi zama.

"Ni ce 'yar mai walda. Malam, don Allah ka cire sunan babana."

Na ce shi ya sa sunansa da bakinsa, kuma ba yaro ba ne.

"Ido ɗaya ya rage masa, shi ma da rami a tsakiya. Likita ya ce ko waldar ya kamata ya bari. In wannan ya tafi, shi ke nan, sai dai a ja shi da sanda. Kai ba ka san shi ba. Tun ina ƙarama, in rana za ta faɗi sai ya fita ƙofar gida ya tsaya yana fuskantarta da ido a rufe, kamar mai jiran a kira shi. Tunda kuka gaya masa zancen nan ba ya cin abincin kirki."

Na yi mata bayanin tsarinmu. Kowa yana da tabarau na musamman, baƙi ƙirin, na kallon rana. Ba a cirewa sai wata ya rufe ta ruf, lokacin ne kawai ido tsirara ba ya cutuwa. Hedimasta zai busa usur sau ɗaya, a cire. Kafin gefen rana ya sake leƙowa zai busa sau biyu, kowa ya mayar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce mu je shagon tare.

Muka same shi yana cin abinci a kan wata tsohuwar taya. Tun daga nesa ya ce, "Ga tafiyar Uwata, ga ta Akawu. An kai ƙarata ke nan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiranta haka.

"Baba, me za ka gani a can wanda ba za a nuna a talabijin ba?"

"A talabijin ɗigon zai cinye shi."

"A can ma ai zai cinye."

"A'a, Uwata." Ya ajiye kwanon. "Ki tambayi Akawu. Abin nan tsakiyarsa baƙi ne tun asali. In na ɗora nawa baƙin a kan nasa, me na rasa? Abu ɗaya ke nan a duniya da zan kalla kai tsaye in gan shi yadda kowa ke ganinsa."

Ta juyo gare ni. Na ce iyakar sanina, haka ne.

Ta dinga naɗe abin awon a yatsa tana warwarewa. Daga ƙarshe ta ce to, amma da sharaɗi: da ita za a je, ita za ta riƙe garkuwarsa, kuma da an busa na biyu ita za ta rufe masa fuska da hannunta. Ya ce ya yarda. Na ƙara sunanta.

Mun yi gwaji a filin makarantar Asabar biyu a jere, da yamma, muna fuskantar bangon ajin da Hedimasta ya zana da'ira da alli. Da yake tabaran ba su iso ba tukuna, hannu muke kaiwa fuska a madadinsu. A busa ɗaya, a sauke hannu. A busa biyu, a mayar. Masu wucewa suna tsayawa suna kallon manya suna wasan yara. 'Yar ba ta taɓa makara ba, usur na biyu bai gama fita ba garkuwar ta rufe fuskar uban. Hedimasta ya yaba mata, ya kuma ja mata kunne cewa ranar husufin ta fara sa nata tabaran kafin komai, kada garin ceton ido ɗaya a rasa biyu.

Muka tashi ana gobe husufi, a bas ɗin haya. Direban mutum ne mai ƙiba da yawan magana, ya ce shi dai ya ga masu zuwa biki da masu zuwa jana'iza, amma bai taɓa ɗaukar masu zuwa kallon duhu ba. Aka ba shi tabarau ya ƙi karɓa. Ya ce in lokacin ya yi zai shiga motarsa ya rufe ƙofa, abin da ba a gayyace shi ba ba ya leƙawa. Muka kwana a wani masauki, da hantsi muka isa wurin da muka zaɓa a taswira, wani filin ƙwallo a gefen ƙaramin gari, da gonaki a bayansa. Sama tas, ko gajimare ɗaya babu.

Aka kafa madubi, aka rarraba tabarau. Sai a lokacin na fara sa nawa a waje, na ga yadda yake: duniya duka ta ɓace, ba ƙasa, ba mutane, ba hannunka, sai ƙwallon rana kaɗai kamar ƙwanduwar ƙwai. Na lura da hakan, na ce abin mamaki, ban kuma yi wani tunani a kai ba. Babu wanda ya yi.

Wata ya fara cin gefen rana. Da farko ba abin da ya canja, ana ta hira ana shan ruwa. Can sai hasken ya fara lalacewa. Ba irin na yamma ba ne, don ba ja a cikinsa. Kamar an zuba toka a kan komai, fuskokin mutane suka koma kalar tsohon hoto. Inuwoyinmu suka yi kaifi har kana iya ƙirga gashin kan mutum a ƙasa. Iska mai sanyi ta taso daga gonakin. Tsuntsaye suka yi ta shiga bishiya da hayaniya, sannan suka yi tsit lokaci ɗaya. Wani kare a cikin garin ya fara kuka, ya katse a tsakiya. Hirar ta mutu ba tare da wani ya ce a yi shiru ba.

Baba Tartsatsi yana gefena na dama, 'yarsa tana damansa. Ya riƙe garkuwar a fuska, ina jin numfashinsa a cikinta.

Usur ya yi ƙara sau ɗaya. Na cire tabarau.

Na karanta bayanin abin nan sau da yawa, ban kuma shirya masa ba. Rami ne a sama. Baƙi wanda ya fi duk wani baƙi da na sani, da farin haske mai laushi yana kwarara daga gefensa ta ko'ina kamar gashi a cikin ruwa. Taurari suka fito. Gefen duniya duka, gabas da yamma, ya yi ja kamar asuba ta kewaye mu. Mai kemis tana ta salati. Wani yana kuka, ban san ko wane ne ba.

Na waiga. Ya miƙa wa 'yarsa garkuwar. Karo na farko tunda na san shi, kansa a miƙe yake, ba karkatawa, idon yana kallon abin da yake kallo.

"Ya yi daidai," ya ce a hankali. "Akawu, ya zauna daidai. Kamar an auna."

"Baba, kana gani?" in ji 'yar.

"Duka, Uwata. Duka."

Usur ya yi ƙara sau biyu. Kowa ya mayar da tabarau, yadda aka koya mana. 'Yar ma ta sa nata, ta ɗaga garkuwar ta kai inda fuskar ubanta take. Ashe iska kawai ta rufe, Baba ba ya wurin. Ya yi gaba da 'yan taku, ba wanda ya ji. Ta lalubi dama, ta lalubi hagu, tana kira, muryarta ta nutse cikin ihun murna, domin gefen rana ya ɓullo kamar ƙwayar lu'ulu'u kuma kowa yana tafi. Mutum goma sha wani abu a fili ɗaya, duka fuskokinmu a sama, kuma a cikin tabaran nan babu mai iya ganin wanda ke kusa da shi. A gwaji hannu muke sawa, ta tsakanin yatsu kuwa ana gani.

Direba ne ya gan shi ta gilashin mota. Ya danna hon ya ƙi saki. Na sunkuyar da kai na fizge tabarau. Baba Tartsatsi yana tsaye shi kaɗai a gabanmu, hannuwa a sake, fuska a sama, ido a buɗe, hawaye na bin kumatunsa. Hasken ya riga ya dawo har inuwarsa ta kwanta a bayansa. 'Yar ta riga ni isa, ta rungumo kansa ta danna a kafaɗarta.

"Baba! Ba ka ji usur ba?"

"Na ji."

"To me ya sa?"

"Ai rana ba ta fito ba tukuna," ya ce. "Sake ni, Uwata, kina tare mini."

Ba ta sake shi ba. Muka shigar da shi mota, ta ɗaure masa ido da ɗankwalinta. Muka kama hanyar gida. Baba kaɗai ne yake cikin walwala. Lokaci lokaci sai ya tambaya ko a wajenmu ta fito, in an ce ta fito sai ya ce, "Ikon Allah," ya gyara zama.

Washegari aka kai shi asibitin ido. Likitan ya ce sabuwar ƙuna ta kewaye tsohuwar, sai a jira a ga abin da zai dawo. Ɗan abin da ya dawo gefe ne can, yana gane haske da duhu da motsin mutum, ba ya gane fuska ko a kusa. Na je duba shi a gidan 'yar bayan mako biyu. Yana zaune a tsakar gida kusa da kekenta na ɗinki. Na ce masa ƙungiya duka tana jajantawa, Hedimasta ma ya kasa zuwa ne don kunya.

"Kunyar me? Ka ce masa ya zo." Ya juyo da fuskarsa sosai gare ni, abin da bai taɓa yi ba. "Zoben yana nan, Akawu. Ko na rufe ido ko na buɗe. Yanzu haka a kanka yake."

'Yar ta taka keken da ƙarfi, ba ta ɗago ba.

Bai sake yin walda ba. An ba wani mai gyaran radiyeto rumfar, aka sayar da injin. Ya zauna a gidan 'yarsa, tana kai shi ƙofar gida da safe tana shigar da shi in rana ta yi zafi. Ya ci gaba da zuwa taronmu na Asabar in an samu mai kawo shi, yana zama a bencin baya. 'Yar ba ta sake yi wa ɗayanmu magana ba in ban da gaisuwa. Ya rasu shekara biyu bayan tafiyar, a watan Agusta, bayan gajeriyar rashin lafiya ta ƙirji.